Shaƙa Biyu

To Larai, na ji, ban zo sunan jikanki ba. Amma ki daina cewa na yanke zumunci. Ni na ce wa gwamnati ta ƙayyade wa kowa barin gari sau uku a shekara? Ɗaya ta rage mini, na kuwa kai ta gidan tarihin motoci da jirage.

Na ga motocin tsere jajaye sun lafe a ƙasa kamar kwaɗi. Na ga irin jirgin da ya kai Innarmu Makka, an kewaye shi da sarƙa sai ka ce zai gudu. Matar da ke zagayawa da mu ta nuna sitiyari, ta ce wai a da mutum da hannunsa yake tuƙi. Jama'a suka ɗauki salati. Ni matar bakanike kuwa na wuce gaba abina.

Daga ƙarshe aka shigar da mu wani ɗaki, kowa ya dangwala yatsa a na'ura, kowa shaƙa ɗaya aka yarje masa. Fetur ne a 'yar kwalba. Wasu har da toshe hanci. Ni ko ina shaƙa, sai ga maigidana Malam ya shigo tsakar gida da rigar gareji, yana cewa a miƙo masa buta. Shekara talatin da rasuwarsa, Larai! Baiwar Allahn nan mai zagayawa da mu ta dube ni, ta kau da kai, na ƙara ta biyu. Allah ya yi mata albarka.

Jikanki yanzu ya zo duniya, baɗi ma yana nan in Allah ya so. Kwalbar nan kuwa saura kwata.