Mai Yanka Iska

Tun da aka wajabta wa direbobin tseren mota ɗaura awarwaro mai auna bugun zuciya, na'ura ce ke zaɓen wanda za a ba sababbin tayoyi ranar neman gurbin tashi. Cikin direbobi biyu na kowace ƙungiya, wanda ya fi natsuwa ake ba. Ɗayan kuwa ya shiga gaba ya yanka masa iska.

Ranar Asabar a filin Tiga, na'ura ta zaɓi Hansatu. Barau, abokin tuƙinta a ƙungiyar, shi ne ya koya mata tuƙi.

"Na taya ki murna, ƙanwata," in ji Barau.

Hansatu ta dubi allon bango, inda bugunsa ya haura ɗari da talatin. "Yaya, bakinka dai ya taya."

A kwanar ƙarshe Barau ya san in ya ɗan sassauta ƙafa, zagayenta ya lalace, kuma ba mai kama shi. Bai sassauta ba. Ya ja ta har layi, ta zo ta ɗaya.

Da yamma shugaban ƙungiyar ya dafa kafaɗarsa. "Barau, na'ura ta ce in ranka ya ɓaci ba wanda ya kai ka yanka iska. Ta bar maka aikin har ƙarshen shekara."