Goron Suruka

Kowace safiya Safara'u kan zazzago ƙwaya biyu daga 'yar kwalbar, ta miƙa wa mijinta Lado ɗaya, ta ƙulle ɗayar a bakin zane.

Biyu likita ya ce. Daga asibitin birnin Kano Lado ya zo da su, bayan an gaya masa ciwon suga ya haɗu da hawan jini, in ya yi wasa da magani jinin zai kayar da shi. Daga Ƙafin Maiyaki zuwa birni kuwa ba nan kusa ba ne, sai an taka har Kwanar Dangora an jira babbar mota.

To ga mahaifiyarta, Iya Tasalla, a unguwar gaba, ƙeya na sara mata, jiri na ɗibarta, irin na Lado sak. Safara'u ta ce a ranta: namiji ne da sauran ƙarfinsa, ɗaya ma ta riƙe shi. Sai ta riƙa kai wa Iya ɗayar.

Lado bai taɓa tambaya ba. Yakan karɓa, ya ce zai sha a zaure, ya fita. A hanyar gona ya biya gidan Iya, ya durƙusa daga bakin ƙofa, don kunyar surukuta ba ta barinsa shiga. Ya gaishe ta, ya ajiye mata goro a ƙunshin ganye, ya wuce.

Iya ta miƙe har tana surfe. Lado kuwa ya fara dafa bango in zai tashi. Safara'u na gani, kullum sai ta ce gobe za ta mayar masa da biyunsa.

Ana tsakiyar yankan dawa aka shigo da shi ranga-ranga daga gona. Bai kai la'asar ba.

Masu gaisuwa na cewa kwana ne ya ƙare, tana amsawa da baki. Ita dai ta san rabin magani ta riƙa ba shi.

Tana cikin takaba Iya ta zo taya ta zama. Safara'u ta kwance bakin zane, ta miƙa mata ƙwayar ranar.

Iya ta jujjuya ta a tafin hannu. "Yanzu kuma sai dai ɗaya. Allah ya jiƙan bawan Allahn nan."

"Ai dama ɗaya ce, Iya."

"Ta hannunki ce ɗaya, 'yar nan. Ɗayar ba ke kike sako ta a ƙunshin goronsa kullum ba?"