Sito Ɗaya, Buɗewa Biyu

Ranar Talata da safe Manaja ya sa magina suka fasa bangon bayan sito, suka kafa ƙofa ta biyu. Akantan kamfani ya toshe hanci saboda ƙura, ya tambaya ko kaya ne suka yi yawa.

"Kaya ba su ƙaru ba," in ji Manaja. "Manya ne suka ƙaru."

Kamfanin nasa ne, bencin makaranta yake ƙerawa, kuma kusan duk bencin da ya fita ƙofarsa hukuma ɗaya ce ke saye. To darektan hukumar zai yi ritaya ƙarshen wata. Mataimakansa biyu, Mai Gilashi da Mai Tumbi, kowa ya ɗaura ɗamarar gadon kujera, kowa na neman abin da zai nuna wa kwamitin ƙarin girma cewa shi ya kawo ci gaba. Mai Gilashi ya bugo waya, yana so Manaja ya tanadi sabuwar masana'anta da zai zo ya yi bikin buɗewa. Ba a yi awa ɗaya ba Mai Tumbi ya bugo, shi ma haka. Manaja ya ce wa kowannensu, "An gama, ranka ya daɗe," alhali sito ɗaya gare shi, shi ma ya ji jiki.

Bai damu ba. Shekara goma sha biyar yana bin iskar ƙarin girma duk inda ta kaɗa. Ya ɗage sayen sabon injin yanka katako, ya shafe gaban sito da shuɗin fenti, bayansa da ruwan ɗorawa. Ya ɗauki ma'aikata talatin, aikinsu su sa hular kwano su yi tafi.

Akanta ya ce ya ji sunaye uku aka kai wa kwamiti.

"Na ukun ya bugo yana neman almakashi?"

"A'a."

"To ɗan rakiya ne."

A gida ma Manaja bai da zance sai na ƙofofi. Matarsa a hukumar take aiki, a wani ofis na hawa na uku da bai taɓa takawa ba. Shi dai a saninsa takardu take jerawa. Ita ta goge masa ƙyallayen da za a yanka. Tana zuba masa shayi ta miƙo wata takarda.

"Baban yara, sa hannu nan. Kuma ina da magana."

"Maman yara, bari a gama wannan rikicin tukuna," ya ce, waya maƙale a kunne. Ya rattaba hannu, a zatonsa ta makarantar yara ce.

Laraba Mai Gilashi ya shigo ta shuɗiyar ƙofa, ya yanka ƙyalle, ya ce wannan masana'anta gumin goshinsa ce. Alhamis Mai Tumbi ya shigo ta baya, ma'aikata sun juya rigunansu ciki waje. Ya shaƙi iska ya ce lallai sabon gini daban yake da ƙamshi. Da ya nufi ƙofar gaba yana neman banɗaki, Manaja ya tare shi da jawabi na minti ashirin kan tarihin ƙusa.

Hotunan bukukuwan biyu duka sun isa gaban kwamiti. A kowanne ga ma'aikaci guda mai wushirya yana tafi har da tsalle, kwamiti ya gane sito ɗaya ne. Manaja ya ji labari, ya ce ko a jikinsa: duk wanda ya hau, ai ya ci moriyarsa.

Litinin aka kawo wasiƙa daga ofishin sabon darekta. Manaja ya gyara zama, ya sa Akanta ya karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Akanta ya fara da murya mai kauri, tana tafiya tana sirancewa. An cire kamfanin daga jerin masu sayar wa hukuma kaya, bisa takardar amincewa da mai kamfanin ya sa wa hannu da kansa.

"Ni? Yaushe? Wane ne a cikinsu ya yi min haka?"

Akanta ya miƙa masa wasiƙar. Layin ƙarshe ya ce doka ta hana hukuma sayen ko ƙafar benci daga hannun mijin darekta, a ƙasa kuma an ƙara da biro, cikin rubutun da ya fi sani a duniya: "Baban yara, ka biyo mana da burodi."