Shirun Gwaggo

Kwana bakwai ke nan Gwaggo ba ta ce wa kowa uffan ba a gidan ƙanenta. Tunda an ce ta cika surutu, bari su ɗanɗana rashinta. Ta tabbata duk sun rame. Jiya ma ta ga matar gidan tana share hawaye a kicin, wai albasa ce.

Da 'yar ƙanen nata ta shigo ta durƙusa, Gwaggo ta gyara zama ta kau da kai. Sai an roƙe ta sau uku za ta yafe.

"Gwaggo, Baba ne ya aiko ni."

Yauwa, an zo wurin.

"Wai wane magani kike sha kwanan nan? Ya ce ki faɗa ya ƙaro, kada ya ƙare."