Kunamar Teku a Ƙasan Leda

Mai sayar da kifin ƙanƙara ta buɗe katan, ta tsinci wani ja, duk ƙaya.

"Mama, jefar da shi," in ji direban da ya kawo kifin daga Legas. "Kunamar teku ce. Kowane teku da irin tasa. Ko ta mutu tana harbi."

"Gawa? A Kafanchan ba a zubar da kifi."

Ta cusa shi ƙasan ledar wata 'yar zumuntar matan coci da ta zo sayen kifi, don kilo ya cika. Ta san abin da take yi.

Da yamma ta koma gida ta tarar da jikanta yana tsala kuka. 'Yarta mai jego tana ƙasa, hannu a kumbure, ba ta amsawa. Ga ledar da matar nan ta kawo barka a buɗe, jan kifin yana kallon ƙofa.