Aron Mutum

Sai da ta sa hannu ta tsaya wa ƙaninta, sannan lauya ya ja ta gefe.

"Baiwar Allah, beli ba sallama ba ce. Aron mutum kotu ta ba ki. Ki dawo da shi Litinin, in ba haka ba ke za a nema."

Ta yi dariya. "Yaron da na goya? Ina za shi?"

Ranar Lahadi ta kai masa rigar da ta goge. Ta tarar da ƙofarsa a buɗe, babu katifa, babu jaka, wayarsa a kashe.

Sai ta tuna yadda ta kwatanta wa magatakarda gidanta, har da launin ƙofa, don kada su sha wahalar nema.