Rijiyar Bakin Fadama

"Mama, Azariya ya sha shuni ne? Leɓensa shuɗi."

Milka ce, 'yata, take leƙen jaririn da ke bayana. Na ruga asibiti a Kafanchan.

"Sista, tun da nonona ya ƙafe, ban taɓa dama masa madara da ɗanyen ruwa ba. Nakan tafasa har rabi ya ƙone."

"Ina rijiyarku take?"

"Bakin fadama, gefen shinkafarmu."

Sista ta sunkuyar da kai. "Maman Milka, ƙananan halittun cikin laka ke mayar da takin zamani guba, ta tsiyaya cikin rijiya. Tafasawa ƙara mata ƙarfi take yi."

Ranar Laraba muka binne shi.

'Yar'uwa, in rijiyarki na gefen gonar taki, kada ki ba jariri ruwanta, ko tafasasshe.